Yadda Fibi Ta Sayar da Ƙadangaruwa

A Gozaki idan aka ce Ƙadangaruwa, ba mai ɗaga kai ya duba bango. Kowa ya san motar marigayi Mark ake nufi: wata 'yar koriyar mota ƙirar Ingila, mai dogon hanci da kujera biyu tak, ba rufi, cikinta kuwa dab da ƙasa, har idan ta hau kunyar gona ɗaya sai ta maƙale, tayoyinta na ta juyi a banza. A ƙasar da ake auna darajar mota da yawan buhunan masarar da take ɗauka, wannan ko buhu ɗaya ba ta da inda za a aza mata.

Mark bakaniken tarakta ne a aikin gona na gwamnati har ya yi ritaya, kuma ya riƙe motar nan fiye da shekara arba'in. Ya gina mata rumfar kwano a bayan gida, ya rufe ta da tamfol. Kowace Lahadi in an taso daga sujada, kafin ya sa loma a baki, sai ya tuɓe rigar coci, ya yaye tamfol, ya tashe ta, ya bi ta da tsumma tun daga fitila har salansa. Matarsa Fibi, tsohuwar malamar firamare, ta sha ɗumama miya sau biyu saboda wannan mota. Sau ɗaya ta taɓa shigarta, ranar aurensu. Iska ta fizge mata ɗankwali tun kafin su bar harabar majami'a, ta isa gidan miji da jar ƙasa har cikin gira. Tun daga ranar ta tsani motar, amma ba ta taɓa faɗa ba, don duk lokacin da ya gama goge ta sai ya waiwayo ya dube ta kamar ɗalibin da ke jiran a duba masa aiki. Ita kuwa sai ta ce, "Ta yi kyau. Zo ka ci abinci."

Da Mark ya rasu, motar ta zauna shiru, ɓeraye suka fara gwada haƙoransu a gefen kujera. A hutun Kirsimeti 'yarsu Ƙauna, wadda ke aikin jinya a Kaduna, ta ɗauki hoton motar ta sa a intanet don tunawa da babanta. Daga nan waya ta hana ta sakat. Cikin masu kira, wadda ta tako har Gozaki wata matashiya ce, Aisha Humaira, wakiliyar wani attajiri a Legas mai tara tsofaffin motoci.

Ta zo da kaka, ana tsakar cirar auduga. Ta gaida Fibi har ƙasa, ta sha ruwa, sannan ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta shimfiɗa buhu ta shige ƙarƙashin motar. Ta daɗe a can. Da ta fito, ga yanar gizo a kanta, idonta na ƙyalli.

"Mama, kin san abin da ke bayan gidanki kuwa? Irin wannan 'yan kaɗan aka ƙera tun asali, yawancinsu sun zama tukwane. Wadda ke da injinta na asali, ba a taɓa canja shi ba, a duniya ba su fi a ƙirga da yatsu ba."

Ta matso kusa da kunnen Fibi ta faɗi abin da maigidanta zai biya. Fibi ta dube ta, ta dubi motar, ta ce a miƙo mata kujera.

"Amma akwai sharaɗi," in ji Aisha Humaira. "Ba ƙarfen kaɗai yake saya ba, har da tarihinta. Yana son a san duk hannun da ta bi, in masu ita na da rai a ɗauke su a bidiyo su faɗa da bakinsu. Kuma ba ya sayen abin da ake rigima a kansa."

"Wace rigima?" in ji Fibi. "Motar da ko kyauta ba mai karɓa?"

Kafin mako ya zagayo ta samu amsa.

Na farko Alhaji Maiwada ne, babban ɗan kasuwar hatsi a Funtua. Ya iso da buhun shinkafa da katan ɗin sabulu, ya yi ta'aziyyar Mark sabuwa fil, kamar jiya aka binne shi, alhali ciyawa ta fito ta bushe a kabarin har sau uku. Da ya gama ya gyara zama.

"Malama, akwai wata 'yar amana tawa a gidan nan. Shekarar da zan tafi aikin Hajji na ba Luke, ƙanin marigayi, ajiyar mota. To, kin san hidimar duniya, yau da gobe, ban samu na waiwayo ba."

Na biyu Luke ne da kansa, ƙanin Mark, wanda gidansa ke bayan rafi. Tsakaninsa da Fibi wasan ƙanin miji ne tun tana amarya, ba ya shiga gidan bai buɗe tukunya ba. Amma ran nan ya yi sallama a bakin ƙofa, ya tsaya sai da aka ce ya shigo.

"Matar yaya," ya ce, fuskarsa kamar ta dattijon ikilisiya, "kin tuna motar da na ara wa Yaya don bikinku? To, ina ganin bikin ya ƙare."

"Aro?"

"Aro. Ban so in yi magana yana da rai ba, saboda kunya."

"Kai ne mai kunya, Luke?"

"Tana taso mini lokaci-lokaci."

Takardun motar gara ta cinye su tun zamanin soja. Mai unguwa ya ce sai an kawo shaidu, shaidun kuwa duk suna maƙabarta, wasu a ta coci, wasu a ta Musulmi. Aisha Humaira ta kira daga masaukinta a Malumfashi, muryarta a sanyaye, ta ce in maganar ta kai kotu maigidanta zai janye.

Fibi ta zauna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa tana tunani. Shekara talatin ta yi tana koyar da aji huɗu, kuma abu ɗaya ta koya a can wanda ba a koya mata a kwalejin horon malamai ba. Idan aka sace mangwaron hedimasta, ba ka tambayar wa ya sata. Sai ka ce, "Lalle wanda ya hau bishiyar nan gwani ne, na san ba wane ba ne, shi ko katanga ba ya iya hawa." Ba ka rufe baki ba wanen zai miƙe.

Ta goge hannu ta kira Aisha Humaira.

"'Yata, ki shirya na'urarki ta bidiyo. Ba tarihi kike so ba? Gobe mu je Funtua. Ke dai ki kunna abinki kowa na gani, ki tambayi abin da za ki tambaya. In kin ji na sa baki, kada ki kashe."

Alhaji Maiwada da ya ji za a kalle shi a Legas, wataƙila har Landan, sai ya aika gida aka kawo masa babbar riga mai aiki. Ya sa aka ɗora kujerarsa gaban tarin buhunan waken soya, abokan kasuwa suka kewaye, masu dako suka ajiye kaya. Ya yi gyaran murya.

Labarin farko ya bayar da shi tiryan-tiryan. Wani Bature mai duba auduga ne ya shigo da motar ta jirgin ruwa kafin a samu mulkin kai, ana ce masa Mai Lofe, don ba a ganin bakinsa ba lofen taba. Da ita yake zagaya fulotan sayen auduga, daga Funtua zuwa Bakori zuwa Malumfashi, karensa zaune a kujerar gefe. Inda hanya ta lalace sai mutanen gari su ɗaga ta da hannu, shi da karen suna ciki, su tsallakar. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa akawunsa Malam Shitu, mutum mai 'ya'ya cike da gida. Ranar Sallah Malam Shitu sai ya yi ta sawu yana kai su Idi ɗaya bayan ɗaya, kafin ya kwaso na ƙarshe an shafa fatiha.

"Daga hannunsa na saye ta," in ji Alhaji, "ina saurayi, kuɗin auduga na yi mini ƙaiƙayi a aljihu. Daga baya, da zan tafi Makka, sai na ba wani yaron Gozaki ajiya. Ajiya," ya maimaita, yana kallon na'urar.

Fibi, wadda ke zaune gefe a kan benci, ta ja dogon numfashi.

"Gara da ka faɗi haka, Alhaji. Wallahi na ji daɗi. Don abin da ake faɗa a wajenmu ba shi da daɗin ji."

"Me ake faɗa?"

"A'a, bar shi. Maganar teburin mai shayi ce."

"Malama, me ake faɗa?"

"To, tunda ka matsa. Wai yaro ɗan ƙauye ya shigo Funtua da wasu ramammun shanu biyu, ɗaya ma na ɗingishi, ya yi maka daɗin baki ya tafi da mota sukutum. Luke har gobe yana ba da labarin. Ya ce a duk faɗin ƙasar Katsina shi kaɗai ya taɓa cin Alhaji Maiwada a ciniki. Ni dai nakan ce musu ba zai yiwu ba."

Wani dillali a baya ya tuntsire da dariya. Wani ya ce, "Ashe Alhaji an taɓa yi maka?"

Alhaji ya miƙe tsaye, hannun babbar riga ya zame.

"Ramammu? Wa ya ce ramammu? Bijimai ne na huɗa, farare, tozonsu kamar tulu! Ni na je har gonar ubansa na gan su da idona kafin in ja shi da magana! Ku saurara ku ji wanda aka ci. Motar nan kafin ka kai Bakori ta tafasa kamar tukunyar ɗanwake. Da sassafe na kira shi gwaji, rana ba ta yi zafi ba, na cika mata lagireto da ruwan randa. Na kai shi gangaren nan na hanyar Zariya, na ce taka. Iska ta bugi yaro a fuska, hankalinsa ya tafi. Ya ce nawa, na ce kuɗi ba sa sayen wannan, sai dai shanu. Har garmar na haɗa da ita! Na kai su kasuwar Danja na sayar, da kuɗinsu na fara sayen hatsi. Duk abin nan da kuke gani," ya nuna buhuna har rufin shago, "daga shanun nan ya fito. Ciniki ya faɗa, muka tafa, na ce Allah ya sa albarka, mutane na tsaye! Shi ne zai ce ya ci ni?"

Ya tsaya yana haki. A hankali idonsa ya sauka kan 'yar jar fitilar da ke ƙiftawa a jikin na'urar Aisha Humaira.

"Amin, Alhaji," in ji Fibi. "Allah ya sa albarka."

Alhaji ya koma ya zauna. Ya cire hula ya sosa ƙeya, ya mayar. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da hawaye.

"Malama, kin gama da ni. Shekara hamsin ina kasuwar nan, yau malamar firamare ta auna ni da tiyata." Ya share ido. "Luke ya san kin zo nan?"

"Bai sani ba."

"To ku tashi. Direba, fito da mota! Wallahi ba za a yi wa Luke wannan ba ni ba na wurin."

Suka tarar da Luke a tsakar gidansa yana gyaran buhunan auduga, matarsa Salome na tuƙa tuwo a gefe. Da ya ga Alhaji da Fibi sun fito daga mota ɗaya, ya ƙanƙance ido. Ya yarda a ɗauke shi, amma ya zauna a tabarma ya naɗe hannu kamar mai jiran allura.

"Baba, yaya motar ta bar hannunka?" in ji Aisha Humaira.

"Aro."

"Ko za ka ɗan faɗaɗa mana?"

"Aro na ba yayana. Na biki."

Fibi ta jefa ƙugiyarta. Ta ce ai Mark yakan ce shi ya yi wa ƙaninsa wayo ya raba shi da motar. Luke ya yi murmushi ya kaɗa mata yatsa.

"Matar yaya, ni ba ɗan aji huɗu ba ne. Na san ki tun kina kitson 'yan makaranta. Aro."

Fibi ta gane dabararta ba ta ci ba. Wannan ya san hannunta. Sai Alhaji Maiwada, wanda ya samu turmi ya kife ya zauna a kai, ya yi hamma ya ce da Aisha Humaira, kamar Luke ba ya wurin:

"'Yata, kada ki wahalar da shi, gaskiya yake faɗa. Wa zai saya a hannunsa? Ni na san yaron nan. Na ɗora masa mota, ya kai gida, ubansa ya bi shi da sanda har cikin dawa saboda shanu. Ya yi ta yawo da ita kasuwa-kasuwa, ba wanda ya taya. Ƙarshe yayansa ya ji tausayi ya ce kawo in ajiye maka. Wasu an haife su da ciniki, wasu kuwa an haife su don a yi ciniki da su."

Salome, ba tare da ta ɗago daga tukunya ba, ta ce, "Wannan gaskiya ne, Alhaji. Ko akuya ya kai Malumfashi, tare suke dawowa, ita ta ƙoshi shi yana jin yunwa."

"Ke Salome!"

"Ƙarya na yi, maigida?"

Jijiyar wuyan Luke ta miƙe. Ya dubi na'urar, ya dubi Alhaji da ke murmushi a kan turmi, ya haɗiye. Fibi ta ga yana kokawa da kansa kamar mai riƙe atishawa a cikin sujada. Alhaji ya ƙara da cewa, a hankali, "Kyauta ma sai da aka roƙi Mark."

"Kyauta?" Luke ya yi tsalle ya miƙe. "Sabon babur na karɓa! Sabo fil, ledar kujera ba a cire ba! Wata biyu da Yaya ya saye shi da kuɗin aikinsa na fari!"

"Kai, tafi can," in ji Alhaji. "Mark bakanike ne, ya san ciwon motar nan fiye da kowa. Zai ba da sabon babur a kanta?"

"Ai nan gwanintar take! Kai da gangare ka sayar, ni da baki kawai na sayar." Luke ya juyo ga na'urar, ya manta da komai, fuskarsa ta koma ta saurayi. "Lokacin Yaya na neman wannan," ya nuna Fibi, "yana son ta kamar zai mutu, amma in ya gan ta bakinsa ya mutu. Sai na same shi na ce, Yaya, akwai matsala. Wani malamin asibiti a Malumfashi mai mota ya fara zuwa gidansu. Kuma na ji da kunnena ta gaya wa 'yan mawaƙa cewa ita ba za ta auri mai babur ba, sai wanda zai ɗauko ta daga coci a mota. Ba wani malamin asibiti! Ni na ƙera shi, har gemu na sa masa! Washegari da safe ga Yaya a ƙofar ɗakina da makullin babur a hannu, yana roƙona. Na ɗan ja masa rai, sannan na ce to, don kai ne. Muka yi musaya, ba aro ba, ba ajiya ba, mu-sa-ya!"

Alhaji ya faɗo daga kan turmi don dariya. Salome ta saki muciya ta riƙe ciki. Aisha Humaira ta cije leɓe don kada dariya ta ƙwace mata.

Fibi kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta samu abin da ta zo nema, amma ba shi take ji ba. Mark take gani, ranar Lahadi, da tsumma a hannu, ya waiwayo yana dubanta.

"Luke," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ka taɓa gaya masa ƙarya ce?"

"In gaya masa ya karɓe babur?"

Sai a lokacin ya ga fuskarta, kuma sai a lokacin ya tuna da na'urar. Bai san wanne zai fara ji wa tsoro ba. Fibi ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta sunkuya ta ɗauki muciyar Salome da tuwo a jikinta.

"Matar yaya, tsaya mu yi magana. Matar yaya, gwiwarki fa!"

Sau biyu suka zagaya rumbu, tsoho a gaba tsohuwa a baya, kaji na watsewa. A zagaye na uku ta yanke ta ɗaya gefen ta tare shi, ta sauke masa muciya a gadon baya, ta bar masa tambarin tuwo a riga. Aisha Humaira ta ce ta kashe na'urar kafin nan. Alhaji Maiwada ya ce wannan ita ce babbar asarar da aka yi a ranar.

Mai unguwa ya kalli bidiyon a wayar Aisha Humaira, ya ce a maimaita masa wurin gangare, sannan ya ce ba sauran shari'a, mota ta magadan Mark ce.

Amma Fibi ba ta sa hannu nan take ba. Ta ce a ba ta lokaci. Da hantsi ta shiga rumfar, ta yaye tamfol da kanta, ta buɗe 'yar ƙofar ta zauna a kujerar da ta zauna ranar aurenta. Warin tsohuwar fata da man inji, warin hannun Mark ke nan. Shekara arba'in tana ganin motar yake so, ashe shi yana ganin motar ce ta kawo masa ita, yana tsoron ranar da za ta lalace. Shi bai tambaya ba, ita ba ta faɗa ba, suka yi ta ɗumama miya.

"Kai ma dai, Mark," ta ce da sitiyarin. "Mutum da bakinsa."

Ta yi kukanta ta share. Da ta sa hannu gefen kujera ta ji inda ɓera ya huda, soso na fitowa. Ta san in ta riƙe ta, nan da 'yan shekaru ba abin da zai rage sai ƙarfe, kuma wannan ne abin da Mark ba zai yafe ba. Ta fito ta kira Ƙauna a waya, suka yi shawara, sannan ta aika a gaya wa Aisha Humaira ta zo da takardunta.

Ranar ɗaukar mota, babbar motar da za ta kai ta Legas ta tsaya a bakin kwalta, don hanyar gari ba ta shiguwa. Bakaniken da Aisha Humaira ta kawo, Ɗanasabe, ya sa sabon batir, ya wanke tanki, ya zuba mai. Ƙadangaruwa ta yi tari, ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan ta kama da wata irin ƙara mai kauri da ta fito da rabin Gozaki daga gida.

"Mama, saura ke," in ji Aisha Humaira, ta ɗaga na'urar. "Ke ce hannu na ƙarshe. Me za ki ce a kanta?"

Fibi ta tsaya kusa da dogon hancin motar cikin zanen zumuntar mata, ta dubi na'urar kai tsaye kamar aji.

"Sunana Fibi Mark. Mijina ya sayi motar nan saboda ni, ya kula da ita saboda ni. Ni kuwa ban taɓa son ta ba ko na rana ɗaya. Ba ta da rufi, ba ta ɗaukar kaya, tana ɓata wa mace kwalliya. Da a ƙafa ya zo, da na bi shi. Wanda ya saye ta ya riƙa goge ta ranar Lahadi, ta saba."

"Za ki shiga mu kai ki bakin titi?"

"Allah ya kiyaye. Ku gaida Legas."

Bayan kwana biyu Luke ya leƙo gidan da rana tsaka, ya tsaya daga nesa inda muciya ba za ta kai ba. Fibi na kwashe tuwon masara. Ba ta ce ya shigo ba, ba ta ce ya koma ba. Ya matso ya tsuguna.

"Matar yaya, akwai abin da ban faɗa a bidiyo ba."

Ta ci gaba da kwashe tuwonta.

"Yaya ya sani. Bayan bikinku ba da daɗewa ba ya je Malumfashi ya bincika, aka ce masa ba wani malamin asibiti mai gemu. Ya dawo ya same ni a gona ya kama kunnena ya murɗa. Ya ce, na gane ƙaryarka, amma ka riƙe babur ɗin, don ba don ƙaryar nan ba da har yanzu ina tsaye a ƙofar gidansu ina kame-kame. Ya ce in na gaya miki sai ya karya ni."

Fibi ta dube shi da kyau. Fuskarsa ba alamar wasa, amma haka fuskarsa take ranar da ya ce aro. Zai iya zama gaskiya, don maganar ta yi kama da ta Mark. Zai iya zama kuma a hanya ya ƙera ta, kamar yadda ya ƙera mai gemu. Ta san ba za ta taɓa sani ba.

Ta ɗauko kwano ta sa masa tuwo malmala biyu, ta zuba miyar kuka. Sannan ta jawo gwangwanin dakakken barkono, ta ɗebo cokali cike ta barbaɗa, ta ƙara wani, ta tura masa.

"Ci. In gaskiya ka faɗa, ba zai yi maka yaji ba."

Luke ya dubi miyar da ta koma ja, ya dubi matar yayansa. Ya wanke hannu, ya yi addu'a mai ɗan tsawo, ya kai loma. Kafin ta uku gumi ya karyo masa, hawaye na bin kumatu, hanci na zuba.

"Yaya dai?" in ji Fibi.

"Ko kaɗan," ya ce da ƙyar, yana shan iska ta baki. "Ko kaɗan ban ji ba. Akwai ruwa kusa?"

"Randa na can inda ka san ta," in ji ta, ta jawo nata kwanon ta zauna kusa da shi.